Daga Motar Hannu Zuwa Le Mans: Tarihin Wasan Gran Turismo

A ranar 23 ga Disamba, 1997, wani sabon faifan PlayStation mai suna Gran Turismo ya shiga kasuwa a Japan. Yaron da ya saya ya garzaya gida da ɗokin hawa motar tsere ya taka wuta, sai ya tarar babban sashen wasan ya tarbe shi da gareji fayau, babu ko taya. An damƙa masa 'yan kuɗin wasa, waɗanda a bugun da aka kai Turai da Amurka bayan wata biyar 10,000 ne, kuɗin da ba za su sayi sabuwar motar kirki ba. Dole ya bi dillalai ɗaya bayan ɗaya, ya wuce sababbi yana haɗiyar yawu, ya gangara layin na hannu, ya tsaya yana auna tsohuwar Honda Civic da Nissan Silvia da Toyota Supra ta shekarun 1980, yana lissafin abin da zai rage masa na gyara. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar motocin Kwatano da kuɗin da bai kai burinsa ba ya san wannan tsayuwar.

Ko ya sayi motar ma ba a gama da shi ba. Manyan gasanni a kulle suke sai da lasisi, lasisi kuma sai an ci jarrabawa. Gwajin farko na lasisin B ya isa misali. Za a ba ka Mazda Demio, 'yar ƙaramar motar zuwa cefane, a kan miƙaƙƙen titi. Ka tashi daga tsaye, ka danna totur har ƙasa, ka tsaya cak cikin wani ɗan fili da aka shata a mita 1,000. In ka taka birki da wuri lokaci ya ƙure maka, ka faɗi. In ka makara da ƙiftawar ido motar ta zarce layi, ka faɗi. Babu abokin tsere, babu 'yan sanda a bayanka, kai ne kawai da birki. Wanda ya haye da ƙyar ya samu tagulla, wanda ya ƙware ya samu azurfa, zinare kuwa akwai waɗanda suka raba dare suna nemansa. Bayan B akwai A, bayan A akwai na ƙasa da ƙasa.

Da za a kai wa ɗan kasuwa wannan tsari da baki, cewa zai yi ba zai sayu ba. Wa zai fitar da kuɗinsa ya sayi wasan da zai mayar da shi makarantar koyon tuƙi? Sai ga shi an sayar da kwafi miliyan 10.85, ya zama wasan da ya fi kowanne kasuwa a PlayStation ta farko, har ya sha gaban Final Fantasy VII. Wanda ya bi tarihin jerin wasannin tun daga lokacin zai ga abu guda yana maimaita kansa: duk sa'adda suka riƙe wannan hawa daga ƙasa, da gumi, sukan yi daraja, duk sa'adda suka taɓa shi kuma sai masoyansu su yi musu ca.

Mutumin da ya ƙaurace wa gidansa

Kazunori Yamauchi, wanda ya ƙirƙiri wasan, haifaffen garin Kashiwa ne a yankin Chiba a 1967. Ya kama aiki a sashen kiɗa na kamfanin Sony a 1992, daidai lokacin da kamfanin ke shirin kutsawa cikin harkar wasannin bidiyo, harkar da Nintendo da Sega suka mamaye. Wasannin tseren mota na wancan zamani na gidajen wasa ne, inda ake jefa wa na'ura sulalla a sha gudu na minti biyu ko uku. Sega ta fitar da Virtua Racing a 1992, Namco ta fitar da Ridge Racer a 1993, Daytona USA ya biyo baya. Motocinsu galibi na ƙirƙira ne, kuma kwana ake sha da gudun da a zahiri sai dai a kwashi gawa.

Abin da Yamauchi ya kai wa shugabanninsa daban ne. Yana son motocin gaske, da sunayensu na gaske, kowace ta yi halin da aka san ta da shi a titi. Ba su karɓa ba. Maimakon ya yi zuciya, sai ya bi ta bayan gida. Ya yi musu Motor Toon Grand Prix, wanda ya fito a Disambar 1994, makonni kaɗan bayan fitowar PlayStation kanta. Wasan yara ne, motocinsa na zanen barkwanci, suna lanƙwasa suna miƙewa kamar roba. Amma a ƙarƙashin barkwancin, lissafin nauyi da riƙon taya da yake son gwadawa ne ke aiki. Ya ƙara na biyu a 1996. Da aka ga ya iya kai aiki ƙarshe, sai aka sakar masa mara.

Shekara biyar aikin Gran Turismo ya ci, da 'yan tsirarun ma'aikata. Yamauchi da bakinsa ya sha faɗin cewa a tsawon lokacin bai fi kwana huɗu yake yi a gida a shekara ba, a ofis yake kwana yake tashi. Wani aikin kuma ba na kwamfuta ba ne, na lallashi ne. A wancan lokaci kamfanonin mota ba su ga abin da zai haɗa su da wasan yara ba. Toyota ce ta fara amincewa, daga nan sauran suka biyo: Nissan, Honda, Mazda, Mitsubishi, Subaru, sai 'yan kaɗan daga waje irin su Aston Martin da TVR na Ingila, da Chevrolet da Dodge na Amurka. Aka tara motoci wajen 140.

Bambancin yana bayyana ne tun a kwanar farko. Mota mai jan gaba, in ka shige ta da gudu, sai ta ƙi juyawa ta miƙe da kai waje. Mai jan baya, in ka yi garajen danna totur kafin ka fita, sai bayanta ya kwashe ta juya da kai. In ka taka birki nauyi ya koma gaba, in ka ba ta wuta ya koma baya, kuma kana ganin jikin motar yana rusunawa yana tasowa. Kuɗin da ka ci a ƙananan gasanni kana iya zuba su a taya mai laushi, ko salansa, ko turbo, ko a rage wa motar nauyi, ko a daidaita maka giya da shokozoba. Har da ɗan littafi aka haɗo da faifan, mai bayanin yadda ake shiga kwana da yadda ake fita. In an gama tsere kuma sai wasan ya maimaito maka shi kamar a talabijin, kyamara tana bin motarka daga gefen titi, haske yana walƙiya a jikin fenti. Mutane da yawa sun fi daɗewa suna kallon wannan maimaicin fiye da tseren kansa.

Sa'a ma ta taimaka. Wasan ya zo ne a ƙarshen zamanin da kamfanonin Japan, da kuɗin bunƙasar shekarun 1980 a aljihu, suka yi ta gasar ƙera motocin gudu: Nissan Skyline GT-R, Toyota Supra, Mazda RX-7, Honda NSX, Mitsubishi GTO da Lancer Evolution, Subaru Impreza WRX. Akwai yarjejeniyar fatar baki tsakaninsu cewa ba wanda zai tallata mota da ƙarfin da ya wuce doki 280, ko da yake kowa ya san wasu injinan sun haura haka. Da yawa daga cikin waɗannan motoci ba a sayar da su a Amurka. A Gran Turismo matasan can suka fara ganin Skyline da Evolution, suka haddace lambobinsu, suka fara tambayar dillalai. Subaru ta kai WRX Amurka a 2001, Mitsubishi ta kai Evolution a 2003. Ba wasan kaɗai ya jawo haka ba, gasar tseren daji ta duniya da fim ɗin The Fast and the Furious duk sun taka rawa, amma shi ya fara dasa sha'awar a ɗakunan yara.

A 1998 Sony ta mayar da rukunin Yamauchi kamfani mai cin gashin kansa a ƙarƙashinta, mai suna Polyphony Digital. Har yau shi ne shugabansa.

Gasar yawa

Gran Turismo 2 ya fito a Disambar 1999 a faifai biyu, da motoci kusan 650. A nan ne Turai ta shigo sosai, har da irin motocin da muka saba gani a titunanmu, Peugeot 406 da Volkswagen Golf da Opel. An ƙara tseren ƙasa mai ƙura, tare da wata dodanniyar Suzuki Escudo ta hawan dutsen Pikes Peak mai ƙarfin doki kusan 1,000, wadda duk wanda ya mallake ta ya gama da wasan. An yi gaggawar fitar da shi don a riski kasuwar Kirsimeti, gaggawar kuma ta nuna. A bugun farko na Amurka, ko ka cinye komai, lissafin ci gabanka a kashi 98.2 cikin 100 yake tsayawa.

Na uku, a 2001, shi ne na farko a PlayStation 2. Motoci suka ragu zuwa wajen 180, domin kowace sai da aka sake zana ta daga tushe, amma kyan hoton ya rufe bakin masu ƙorafi: zafin rana yana rawa a kan kwalta, fitilu suna sheƙi a jiƙaƙƙen titi da dare. Ya sayar da kwafi miliyan 14.89, wanda ba a sake kamo shi ba a jerin. A nan aka shigo da canjin baƙin mai. Mota in ta sha tafiya sai fitilar mai ta kama, ƙarfinta ya ragu, sai ka kai ta a juye mata. 'Yan wasa suka gano cewa ko sabuwa ce dal, in ka canza mata mai takan ƙara 'yan dawakai, sai ya zama abin da kowa ke fara yi kafin ya shiga tseren farko. Ƙaramin abu ne, amma irinsa ne ke sa mutum ya ji motar tasa ce.

Na huɗu, wanda ya fito a Japan a ƙarshen Disambar 2004, a ganina shi ne ƙololuwa. Motoci sama da 700, tun daga keken Benz mai taya uku na 1886 da Ford Model T har zuwa motocin Le Mans. Wasa ne, kuma gidan tarihi ne. Shi ya kawo Nordschleife na Nürburgring, titin tseren da aka buɗe a 1927 a tsaunukan Eifel na Jamus, mai tsawon kusan kilomita 21, da hawa da gangara da kwanoni birjik, inda direban tsere Niki Lauda ya ƙone a 1976 ya sha da ƙyar. Ma'aikatan Polyphony sun je sun auna shi sun ɗauki hotunansa, har ya zama direbobi na amfani da wasan wajen haddace titin kafin su je.

Ba a rasa abin faɗi ba. Ka rungumi bango da gudun kilomita 250, motarka za ta fito ko ƙwarzane babu, domin kamfanonin mota ba sa son a nuna hajarsu a lotse. Ƙarar injina ta zama abin zolaya, har ana kwatanta ta da na'urar shara. Ferrari ba ta shigo ba sai a zamanin PlayStation 3. Porsche kuwa kamfanin Electronic Arts, mai wasan Need for Speed, ya ƙulle ta da yarjejeniyar da ba ta ƙare ba sai a 2016, don haka shekara da shekaru Gran Turismo na fakewa da Ruf, wani ƙaramin kamfanin Jamus da ke ƙera motocinsa a kan gangar jikin Porsche. Babban aibin kuwa shi ne abokan tseren da kwamfuta ke tuƙawa. Layi ɗaya suke bi kamar jirgin ƙasa, ko kana gabansu ko ba ka nan. 'Yan wasa suka mayar da su birki: ka shigo kwana da gudu, ka jingina da motar gaba, ta tare ka, ka wuce abinka.

A nan gida wasan bai taɓa yin farin jinin ƙwallo ko Need for Speed ba a gidajen gem, kuma dalilin a fili yake. Wanda ya biya kuɗin wasa ɗaya, ga layi a bayansa, ba shi da lokacin jarrabawar lasisi. Gran Turismo na mai na'ura a ɗaki ne, da katin ajiya nasa, da wutar da za ta bar shi ya kai ƙarshen tseren da kan ɗauki awa biyu.

Daga kujerar falo zuwa sitiyari

Tun farko Yamauchi na iƙirarin cewa wanda ya ƙware a wasansa ya koyi tuƙin gaske. Kamfanonin mota sun fara ɗaukarsa da muhimmanci. Allon da ke gaban direban Nissan GT-R ta 2007, mai nuna zafin inji da ƙarfin turbo, Polyphony ce ta tsara shi. Shi kansa Yamauchi ya shiga tseren awa 24 na Nürburgring, har ya zo na ɗaya a rukuninsa da GT-R a 2011. Amma gwajin iƙirarin na haƙiƙa wani jami'in Nissan a Turai ne, Darren Cox, ya kawo shi. A 2008 Nissan da Sony suka buɗe GT Academy: a yi gasa a wasan, a kwashi waɗanda suka fi sauri a kai su Silverstone a Ingila, a gwada su a motocin gaske da motsa jiki mai tsanani, wanda ya yi fice a horar da shi a sa shi a tseren awa 24 na Dubai.

Mutanen harkar tsere dariya suka yi. Tseren mota sana'ar masu hali ce, yaro kan fara tun yana shekara shida ko bakwai a ƙananan motocin tsere, iyaye suna zuba dukiya. Sai ga Lucas Ordóñez, ɗalibin kasuwanci daga Madrid, ya ci gasar farko, ya yi Dubai a Janairun 2009, a 2011 kuma ya zo na biyu a rukunin LMP2 a tseren awa 24 na Le Mans. Dariya ta fara raguwa.

Wanda ya fi shahara shi ne Jann Mardenborough, wanda ya tashi a Cardiff, ɗan tsohon ɗan ƙwallo Steve Mardenborough. Yana da shekara 19, ya bar jami'a yana zaune a gida, ya shiga gasar 2011 ya doke mutum 90,000. Kafin nan bai taɓa tseren gaske ba. A 2012 ya ci tsere a Brands Hatch a gasar GT ta Birtaniya. Abin da ya biyo baya ya fi kowace talla. A 2013 masu shirya gasar ta Birtaniya suka ƙi karɓar sababbin 'yan GT Academy a rukunin 'yan koyo, bisa hujjar cewa saurinsu ya wuce na 'yan koyo. A shekarar ce Mardenborough da Ordóñez da Michael Krumm suka zo na uku a rukuninsu a Le Mans.

Kada dai a zuzuta abin fiye da kima. Nissan ba ta ɗauki yaro daga falo ta jefa shi Le Mans ba. Ta tace dubban mutane, ta zaɓi ɗaya, ta kashe masa kuɗi wata da watanni a hannun ƙwararru. Abin da wasan ya bayar shi ne ido da sanin layi da lokacin birki, da kuma ƙofa ga wanda ubansa ba shi da miliyoyi. Abin da bai iya bayarwa ba shi ne tsoro, da sanin cewa a titi ba a danna maɓalli a sake farawa. A ranar 28 ga Maris, 2015, a wani tsere a Nordschleife, GT-R ɗin Mardenborough ta hau tudun da ake kira Flugplatz, iska ta shiga ƙarƙashinta, hancinta ya ɗaga sama, ta tashi ta kife ta tsallake shinge ta faɗa cikin 'yan kallo. Mutum ɗaya ya rasu, wasu suka jikkata. Aka sa dokar taƙaita gudu a wasu sassan titin, daga baya aka gyara tudun.

Fim ɗin Gran Turismo na 2023, wanda Neill Blomkamp ya ba da umarni, labarin Mardenborough ne, Djimon Hounsou haifaffen Kwatano ya fito a matsayin mahaifinsa, shi kuma Mardenborough da kansa ya yi tuƙin wuraren haɗari. Sai dai masu fim ɗin sun ɗauko hatsarin 2015 sun kai shi gabanin Le Mans ta 2013, don ya zama abin da ya zaburar da jarumi ya yi nasara. An soke su a kan haka, kuma sukar ta dace. Ran mutum ne ya salwanta, bai kamata a mayar da shi tsani a labarin wani ba. GT Academy kanta ta tsaya bayan zagayen 2016.

Shekarun jira

Tsananin son kammala abu da ya ɗaukaka Yamauchi shi ya zame masa nauyi. Ya taɓa bayyana cewa motar da mutum ɗaya ke zanawa a yini guda a wasan farko, a na uku da na huɗu wata guda take ci, a na biyar kuma wata shida. An fara nuna Gran Turismo 5 a 2005, bai fito ba sai Nuwambar 2010, bayan ya lashe kusan dala miliyan 60. A tsakanin nan Microsoft ta fitar da Forza Motorsport har sau uku, a 2005 da 2007 da 2009, da motoci masu lotsewa, da Porsche da Ferrari, da tsere ta intanet. Da na biyar ya iso, an yi shelar motoci sama da 1,000, amma wajen 200 ne kawai sababbin zane masu cikakken ciki. Sauran daga tsofaffin wasanni aka kwaso su, kuma ido na gani. Duk da haka ya sayar da kusan miliyan 12.

Na shida ya fito a Disambar 2013 a PlayStation 3, makonni bayan PlayStation 4 ta shiga kasuwa, hankali ya riga ya koma gaba. Abin da ya bari shi ne shirin Vision Gran Turismo, inda kamfanoni ke zana motar mafarkinsu don wasan. Mercedes-Benz ta fara, Bugatti ta nuna tata a Frankfurt a 2015 a matsayin share fagen motarta Chiron, Audi ta ƙera tata har tana tafiya.

Gran Turismo Sport na 2017 ya juya akala gaba ɗaya zuwa gasa ta intanet. Motoci ba su kai 200 ba a farko, babu dillalin na hannu, babu hawan nan daga ƙasa. Tsofaffin masoya suka yi ta guna-guni har aka dawo musu da wani abu mai kama da shi kafin shekarar ta ƙare. Amma ya kawo sabon abu mai amfani. Kowane ɗan wasa yana da maki biyu, na sauri da na ladabi, kuma ba za ka shiga gasa ba sai ka kalli bidiyon ƙa'idojin tsere. Mai bangaje mutane makinsa na ladabi ya zube, a haɗa shi da ire-irensa su ƙarata. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta amince da gasar, aka yi wasan ƙarshe na farko a Monaco a 2018. Igor Fraga, ɗan Brazil haifaffen Japan, ya lashe kofin ƙasashe, a 2020 kuma ya je New Zealand ya ci gasar Toyota Racing Series a motar gaske, a gaban Liam Lawson wanda daga baya ya shiga Formula 1.

Na bakwai

Gran Turismo 7 ya fito a ranar 4 ga Maris, 2022, ana cika shekara 25, da alkawarin komawa gida. Dillalin na hannu ya dawo, lasisi ya dawo, tsofaffin titunan da aka ƙirƙira tun 1997 irin su Trial Mountain da Deep Forest suka dawo. Masu sharhi suka yaba. Mako biyu bayan haka aka saki wani gyara da ya rage ladan da ake samu a tseren da mutane suka fi tara kuɗi da su. A lokaci guda wata matsala ta sa aka rufe na'urorin kamfanin sama da awa 30, kuma da yake wasan ba ya aiki sosai sai da intanet, wanda ya sayi faifansa da kuɗinsa ya zauna yana kallon allo.

Mutane suka yi lissafi. Wasu motocin tarihi suna kaiwa miliyan 18 zuwa 20 na kuɗin wasa, ga kuma shagon PlayStation a lokacin yana sayar da miliyan 2 a kan kusan dala 20. Wato mota ɗaya ta cikin allo tana iya cin dala 200, ko kuwa kwanaki ana maimaita tsere guda. Yamauchi ya ce yana son farashin ya yi daidai da darajar motocin a duniyar gaske. Amsar ba ta gamsar ba, domin ba tsada ce ta ɓata wa mutane rai ba. Tun 1997 suke wahala kafin su mallaki mota, kuma wahalar ce daɗin abin. Abin da suka ƙi shi ne a tsawaita wahalar da gangan sannan a buɗe ƙofar gefe ga mai katin banki. Makin da 'yan wasa ke bayarwa a shafin Metacritic ya faɗi warwas. Kafin watan ya ƙare Yamauchi ya fito ya ba da haƙuri, aka raba wa kowa miliyan 1, aka ƙara lada a gyaran da ya biyo baya. Zuwa ƙarshen shekarar jerin wasannin ya haura kwafi miliyan 90.

Tsohon aibin nan na abokan tsere marasa wayo kuwa, maganinsa daga wani sashen Sony ya zo. A Fabrairun 2022 mujallar kimiyya ta Nature ta sa Gran Turismo a bangonta, saboda wata ƙirƙirarriyar basira mai suna GT Sophy da sashen Sony AI ya horar tare da Polyphony. Ba a koya mata layi ba. An sake ta ne a kan na'urorin PlayStation 4 sama da 1,000 tana ta zagaye, in ta yi sauri a ba ta lada, in ta fita titi ko ta bugi bango a ci ta tara, har ta gano hanyarta. Saurin bai ba masu binciken wahala ba, cikin 'yan kwanaki ta wuce yawancin mutane. Ladabi ne ya gagara. In aka sassauta tarar karo sai ta zama 'yar ta'adda a titi, tana ture kowa. In aka tsananta sai ta zama matsoraciya, kowa ya matso ta ba shi hanya. A karawar farko a Yulin 2021, ƙungiyar zaratan 'yan wasan Japan huɗu, ciki har da zakaran duniya Takuma Miyazono, ta doke ta a jimillar maki. Aka koma aka yi mata gyara. A watan Oktoba aka sake haɗuwa, da alƙalai mutane suna sa ido kan ƙa'ida kamar a tseren gaske, ta ninka makinsu.

An fara sa ta a Gran Turismo 7 na ɗan lokaci a Fabrairun 2023, kafin a zaunar da ita dindindin a Nuwamba. Da yake kusan babu mai iya kamo ta in an ba su mota iri ɗaya, sai aka riƙa ba ta motocin da ba su kai na ɗan wasa ƙarfi ba a matakan farko, aka kuma liƙa wa kowace motarta 'yar fuska a sama, mai murmushi in ta wuce ka, mai ɓata rai in ka bangaje ta.